Tire, Ƙofar Firji Ko Fallen Ƙarfe: Wane Allon Maganaɗisu Za A Yi Wa Yara?

Duk gidan da ke da firji da yaro ɗan shekara biyu ko uku ya san wannan wasa. Yaro ya samo wani abu mai mannewa, ya liƙa a jikin ƙofa, ya ɓamɓare, ya sake liƙawa, har rabin awa ta wuce bai nemi uwarsa ba. Ganin haka ne ya sa na ƙudura yi wa yarana allonsu na kansu, inda za su liƙa haruffa da lambobi da hotunan dabbobi, su daina yi mini zarya a kicin kusa da risho da tafasasshen ruwa. Na gwada iri uku a gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, na leƙa wasu a gidajen 'yan'uwa, kuma har yau duk wadda ta shigo ta ga namu sai ta tambaye ni wanne za ta yi. Ni kuwa kafin in amsa sai na ji shekarun ƙaramin yaron da ke gidan, ko da ba shi za a yi wa allon ba. A gidajenmu na yawa babu abin wasan da ke zama na mutum ɗaya. Abin da yaya ya yar ƙani ke tsinta, shi kuwa mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Kada a fita sayen komai sai da ɗan maganaɗisu a jaka. Muna ce masa mayen ƙarfe, amma ba kowane ƙarfe yake kamawa ba. Baƙin ƙarfe yake so, da duk abin da aka yi da shi, ko da an shafe shi da fenti. Ba ruwansa da alminiyom, ba ruwansa da tagulla. Shi ya sa yake manne wa gwangwanin madara da na tumatir, amma ya zame daga jikin gwangwanin lemo. Inda aka fi yin asara shi ne kayan silba. Sai a ga tire biyu masu ƙyalli iri ɗaya a rumfa ɗaya a kasuwar Sabon Gari, ɗaya ya kama, ɗaya ya ƙi, saboda haɗin ƙarfensu ya bambanta, kuma sau da yawa mai tsadar ne ke ƙi. Ido ba ya raba su, mai kayan ma ba lalle ya sani ba. A ɗora a gani, sannan a yi ciniki.

Tire shi ne mafi sauƙi, don da wuya a rasa shi a ɗakin mace. Tsohon tire mai fure irin na jeren iyayenmu, ɗan'uwan langa da fanteka, ƙarfe ne a ciki, yana kamawa sosai. Bakinsa a naɗe yake, ba ya yanka, gefensa kuma na tare abin da ya zame. Yaro na ɗora shi a cinya, ana jefa shi a jaka in za a yi tafiyar Kano ko Kaduna, ko ranar da za a daɗe a layin asibiti. A irin wannan rana ban ga abin da ya kai shi amfani ba. Sai dai filinsa kaɗan ne. Haruffa goma sun cika shi, da zarar yara sun zama biyu kuma rigima ta tashi. Furen jikinsa na rikita idon mai koyon harafi, sai an rufe shi da farar takarda. Sannan shafen da ke kansa dangin gilashi ne, in ya faɗi a siminti yana ɓarewa, ɓarin na da kaifi, wurin da ya ɓare kuma tsatsa ta samu hanya. Ni gwaji na ɗauki tire. A ba yaro mako ɗaya ko biyu, in ya nace masa, an san kuɗin babban allo ba za su tafi a banza ba.

Firjin da ake amfani da shi ba na ba da shawararsa, duk da ba a kashe ko sisi. Yana kicin ko kusa da shi, ga wayar wuta a bayansa, kuma yaron da ya saba tsayawa a gabansa zai koyi buɗewa, ɗan sanyin da aka tara kafin a ɗauke wuta ya fice. Tsohuwar ƙofar firji da aka cire kuwa zancenta daban. Masu gyaran firji ba sa rasa ta. Tana da faɗi da santsi, kusurwoyinta ba kaifi, fara ce tas ba sai an yi mata fenti ba. Aibinta nauyi. Ba a jingina ta a bango, don yaro zai kama ta ya miƙe ta biyo shi. Dole a kafe ta sosai, a cire robobin cikinta, a toshe duk wata kafa, in ba haka ba soson da ke ciki ya zama gidan kyankyasai. Mai zaman haya da ba a yarda ya huda bango ba ya haƙura da ita. Kuma don Allah ƙofar kaɗai za a ɗauko. Mataccen firji da ƙofarsa a jiki bai kamata ya zauna inda yara ke wasan ɓuya ba, yaro na iya shiga ya rufe kansa iska ta ƙare masa.

Wanda na tsaya a kansa, kuma shi ke bangon ɗakinmu yanzu, miƙaƙƙen fallen ƙarfe ne mai shafen tutiya, irin wanda masu ƙera bokiti da akwati da indararo ke aiki da shi. Dangin kwanon rufi ne na da, sai dai shi ba a yi masa tudu da kwari ba. A lura, da yawa daga cikin kwanon rufin zamani alminiyom ne, ba ya kamawa. Tutiyar ce ke kare fallen daga tsatsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da damina ke kamawa daga wajen Mayu har Oktoba, ga ɗakunan da bangonsu ke jan danshi. Na sa an yanka mini santimita 60 a 90. Yara uku na tsayawa a gabansa ba ture-ture.

Duk haɗarinsa a baki yake, don sabon yankan falle reza ne. Hanya biyu ake bi: ko maƙeri ya ninke bakin ya buge shi ya kwanta, ko kafinta ya manna fallen a kan filawud ya zagaye shi da firam ɗin katako da zai haɗiye bakin gaba ɗaya. Da na kai nawa, maƙerin ya ce, "Hajiya, ninkin nan kaɗai ya isa." Na ce, "Malam, ka dai ninke, kafinta ma zai yi nasa." Ninki na kashe kaifin gefe amma yana barin tsini a kusurwa huɗu, firam kuma wata rana yana iya saki. In an haɗa biyun, ɗaya ya gaza ɗaya na nan. Filawud ɗin na da wani amfani kuma: falle siriri ne, in ba a manna shi a kan abu mai ƙwari ba, yana lotsawa yana ƙara duk sanda aka danna. Kafin a ba yara a wanke shi da garin sabulu, sabon falle da maiƙo yake zuwa. A kafa shi ƙasa-ƙasa, tsakiyarsa daidai ƙirjin yaro, kuma a inuwa. Ƙarfen da ya sha ranar Maris ko Afrilu a tsakar gida na iya ƙona tafin hannu.

Inda fallen tutiya ya gaza shi ne wurin fenti. Fentin mai ba ya zama a jikin sabuwar tutiya, bayan ɗan lokaci sai ya fara saɓa, yara su taya shi da farce. Ni na bar nawa a launinsa na toka-toka. Wanda ke son allo mai aiki biyu, a liƙa kuma a yi rubutu da alli, gara ya je wurin masu walda a yankar masa baƙin falle irin na get, a goge da samfefa, a sa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa, sannan baƙin fentin allo. Ya fi nauyi, duk inda ya karce kuma tsatsa za ta fito, amma ga yaran da suka shiga firamare ya fi daɗewa yana amfani. A dai sani kowane shafin fenti na ƙara tazara tsakanin ƙarfe da maganaɗisu, ƙarfin kamu kuwa 'yar tazara kaɗan ke rage shi sosai. Shafi biyu sirara sun fi uku masu kauri.

Wani zai ce me zai hana a samo falle wurin 'yan gwangwan tunda da araha. Ƙarfen ba laifi in ba tsatsa. Tsohon fentin jikinsa ne abin tsoro, musamman na jikin mota da tsofaffin allunan talla, don tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, ita kuwa ba a gane ta da ido. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta yi ajalin yara aƙalla 400. Hanyar ta bambanta amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. Falle mai fentin da ba a san asalinsa ba a bar shi inda yake.

Fentin maganaɗisu da ake talla a intanet garin ƙarfe ne a cikin fenti. Sai an yi shafi uku ko fiye, duk da haka kamunsa ba ƙarfi, sai an nemo maganaɗisu mai ƙarfi, wanda shi ne ba ma so kusa da yara. Farin allon ofis na rubutu da maka yana da kyau ga mai hali, amma ba duka ke da ƙarfe a ciki ba, a gwada kafin a biya. Ta fuskar kuɗi, abin da ya fi ci a fallen tutiya aikin kafinta ne, don ƙarfen kansa ana samun ragowar yanka wurin maƙera ba sai an sayi falle guda ba.

Zaɓen allo maganar kuɗi ce da fili. Zaɓen maganaɗisu kuwa ya shafi rai, shi ya sa zan daɗe a nan.

Iri uku ne ke yawo a hannun mutane. Akwai na roba, mai lanƙwasa, baƙi ko ƙasa-ƙasa, wanda almakashi ke yankawa. Shi ne a bayan ƙananan kalandar talla da ake liƙawa a firji, shi ne kuma a cikin robar da ta zagaye ƙofar firji, mai sa ta rufe ruf. A tsaga robar a zaro shi, dogo kamar igiya. Mai gyaran firji zai ba da tsohuwar roba a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Garin maganaɗisu ne aka kwaɓa da roba, don haka rauni gare shi: kwali da soso yake ɗauka, katako mai kauri zamewa yake. Gefe ɗaya ya fi kamawa, a gwada kafin a sa gam. Raunin nan nasa shi ya sa na zaɓe shi.

Akwai baƙi mai tauri, irin zoben bayan lasifika, wanda yaran unguwa ke ɗaurawa a zare suna jan ƙusa da shi a ƙasa. Masu gyaran rediyo na da shi. Ya fi na roba ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya tsatsa, amma kamar tangaran yake. In ya faɗi ya tarwatse, gutsattsarin ƙanana masu kaifi, kowane gutsure kuma maganaɗisu ne mai zaman kansa. Wurinsa cikin katako, a rufe, ba tsirara a hannun yaro ba.

Na ukun ƙarami ne, fari mai ƙyalli kamar azurfa, wani kamar ƙwayar magani, wani kamar dutsen ado. Neodimiyom ake ce masa, a farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi, kuma duk cikin maganaɗisun da ake sayarwa babu mai ƙarfinsa. Yana cikin abin sauraro na kunne, da murfin wasu akwatunan kyauta, da kuma abin da ya fi kusa da mu mata, wato maganaɗisun maƙale hijabi da mayafi da ya maye gurbin fil. Duk wadda ta fara haɗa allo za ta yi sha'awar sa shi, don ƙwaya ɗaya na riƙe katako ƙam. Kada a sa. Ga yadda yake ɓarna. Yaro ya haɗiyi ɗaya, an jima ya haɗiyi na biyu, ko ya bi shi da wani ɗan ƙarfe. Kowanne ya kama hanyarsa a cikin hanji, sai su jawo juna daga lungu biyu, su matse naman da ke tsakaninsu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, hanji ya huje. Ba sa sakin juna su fita da bayan gida kamar maɓalli, sau da yawa sai an yi tiyata. A Amurka, a 2006, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi ta sanar da janye miliyoyin akwatunan wani kayan wasan gini daga kasuwa, bayan ƙananan maganaɗisun cikinsa sun riƙa zubowa yara suna haɗiya, har ɗaya ya rasu. Wannan fa kayan da inji ya haɗa ke nan. Ina ga wanda muka manna da gam a tsakar gida?

Abin da ya fi tayar mini da hankali, alamunsa ba su da bambanci da ciwon yau da kullum: ciwon ciki, amai, ƙin abinci, wani lokaci zazzaɓi. Uwa za ta ce shawara ce ko haƙori, a jiƙa magani a jira gobe. In an ga yaro ya haɗiya, ko zargi kawai ake yi, ba a jiran alama, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja don ya fitar. A kai shi asibitin da ke da hoton ciki da likitan tiyata nan take, a faɗa da baki cewa maganaɗisu ake zargi, da guda nawa suka ɓata. Mu a Zariya ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan kusa da mutanen cikin birni.

Saboda haka ga gidan da ke da ɗan ƙasa da shekara uku na fi son a juya abin baki ɗaya, maganaɗisu ya koma cikin allo, ƙarfe ya dawo hannun yaro. Kafinta ya yi akwati marar zurfi, a jera zoben lasifika shida ko takwas a ciki a kafe su, a rufe fuskar da filawud mafi siriri, a ɗaure da sukuru ta baya. Abin liƙawa kuwa murfin gwangwanin madarar gari, irin wanda ake ɓallewa da gindin cokali, mai faɗin tafin hannu da naɗaɗɗen baki. A manna masa hoton akuya ko mota ko mangwaro. Babu abin haɗiya ko ɗaya a waje. Iyakarsa dai murfin ba ya zama sai daidai inda zobe yake, don haka ba a jera kalma da shi. Ɗan shekara biyu kuwa jin "ƙas" ɗin nan yake so lokacin da murfi ya kama, kalma sai gaba. Murfin gwangwanin tumatir da aka yanka da wuƙa ba ya cikin lissafi, haka murfin kwalbar lemo, ga ƙanƙanta ga haƙora a baki.

Daga shekara uku zuwa sama, in ba ƙani mai rarrafe, sai a koma fallen ƙarfe da robar maganaɗisu. Ko a nan girman abin liƙawa ya fi kyansa muhimmanci. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa ke amfani da shi bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki ana ɗaukarsa abin shaƙewa ga ƙananan yara. A gida kwalin tsakiyar tishu ya isa: abin da ya wuce ta cikinsa ya yi ƙanƙanta. Kwali mai kauri ba ya cin kuɗi amma miyau da ruwa na lalata shi. Soson da masu ɗinkin takalmi ke yin silifas da shi ya fi dacewa, ga launi, ga rashin nauyi, ga shi ana wankewa, sai dai mai cizo na iya gutsira. Katako ya fi duka ƙarko, amma sai kafinta ya yi masa rami an binne baƙin maganaɗisu an rufe da wani katakon. Gam ɗin kyandir na bindiga yana da saurin aiki, a zafin bazara kuma yana saki. Gam mai warin nan na masu takalmi ya fi riƙe roba da soso, a shafa shi a waje a bar kayan su sha iska kwana biyu. Kuma a yanka robar maganaɗisun doguwa ta kwanta a bayan abin, ba guntu-guntu da yaro zai iya ɓallewa ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce me zai hana a sayi haruffan roba na kanti a huta. Ana iya saye wa manyan yara, in an juya bayan kowane harafi an tabbatar maganaɗisun a rufe yake, ba ɗan guntu ne aka cusa a rami ba. Amma a zazzage ledar a duba. Akwai p da q da v da x, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Yaro ba zai iya jera ƙofa ko ɗaki ko ɓera ba, kuma in ya saba sa k a wurin ƙ tun yana ɗan shekara huɗu, da wuya ya daina. Abin na yi mini ciwo, musamman a garin Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Wadda ta yanka nata haruffan za ta yi masu ƙugiya, ta yi sh da ts a haɗe, ta yi harafin a guda shida ko bakwai, don Hausa na cin wasalin nan fiye da kowane, na kanti kuwa ɗaya ko biyu ake sawa. Ta kuma yanka haruffan Larabci 28 a wani launi, allo ɗaya ya yi boko da safe, Islamiyya da yamma. Haruffa ɗai-ɗai dai, ba aya ba, tunda kayan wasa a ƙasa suke wuni.

Namu yanzu guda 46 ne, na rubuta adadin a jikin gwangwanin da ake zuba su. Bayan sallar isha'i babbar 'yata ke ƙirgawa, ta rufe, ta ɗora a saman kwaba. Ranar Juma'a ni da kaina nake bin su ɗaya bayan ɗaya, ina sa farce a bakin robar ina ja, wanda ya fara ɗagawa ba ya komawa gwangwani sai an sake masa gam. Daren da lissafi bai cika ba, sai an ɗaga tabarma an leƙa ƙarƙashin gado kafin a kashe fitila.